Gashin Shekara Talatin

Tunda ka ce sai ka sake kama kafin a ba ka mata, zauna ka ji labarin wani makanikin tarakta a arewacin Indiya. Mabiyin addinin Sikh ne, mutanen da mazansu ba sa aske kai ko gemu tun daga haihuwa. Kullum da safe zai taje sumarsa da matajin katako, ya dunƙule ta a tsakar ka, ya naɗa rawani a kai. Ya kai shekara talatin bai yi aure ba. Sau huɗu gwaggonsa tana kai hotonsa gidajen masu 'yan mata, sau huɗu ana dawo mata da shi, wai yarinya ɗan zamani take so, ba mai gemu har ƙirji ba. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ran nan ya shiga mota ya tafi birni, inda ba wanda ya san shi, ya zauna gaban mai aski, ya ce a sauke suma da gemu. Abin da ya yi shekara talatin yana reno, almakashi ya gama da shi kafin shayi ya huce. Ya ji iska a ƙeyarsa, ya ji daɗi, ya kuma ji kunya.

Ashe akwai wata malamar makaranta da ta daɗe tana lura da shi a ɗakin ibadarsu, inda ake dafa abinci a ciyar da kowa, shi kuma yana bin sahu da bokitin miya. Ta riga ta gaya wa mahaifinta cewa in aure ne, to wannan mai cikakken gemun take so. Kwana uku da aski sai ga saƙo, dattijon zai zo ganinsa. Hankalin gogan naka ya tashi. Ya nemi tsumma ya cusa inda dunƙulen gashi yake a da, ya naɗa rawani a kai, ya zauna daram kamar ba abin da ya faru. Sai dai haɓa ba a yi mata ciko. Dattijo ya zo, ya dubi fuskar sau ɗaya, ya sha shayinsa, suka taɓa zancen damina. Da ya miƙe sai ya ce, "'Yata ta aiko ni wurin wani mutum ne, ban kuwa same shi ba."

'Yan matan nan huɗu ko labarin askin ba su ji ba, tuni kowacce ta kama gabanta. Ya koma tara gashi, amma gashi ba ya jin sauri. Kafin sumar ta sauko kafaɗa an ɗaura wa malamar aure da wani mai rawani, shi kuwa yana cikin masu rabon miya a ranar.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.