Ranar da Aka Sa a Watan Teku

Wai fushin mai haƙuri! Radiyya injiniya, 'yar Malam mai makarantar allo a Limawa, ranar nan ko tabarma ba ta shimfiɗa wa saurayinta Muhyiddeen ba. A tsaye ta tare shi a soro.

"Wa ya zaɓi watan bikin nan?"

"Manya ne suka sa rana, Radiyya."

"Su manyan wa ya raɗa masu? Na gaya maka a watan ne teku ke kwantawa, a lokacin za mu kafa dandamalin haƙar man fetur a cikin ruwa. Ni na zana ƙafafunsa, ni na yi lissafin igiyar ruwan da za ta dake su. Sai ranar tsayar da su za ka zaunar da ni a lalle?"

Ya kau da kai. "Ai akwai maza a can. Ni kunya nake ji a ce matata tana tsakiyar ruwa."

Ta zuba masa ido har sai da ya gyara hula.

"Wato da gangan ka yi."

"An raba goro da alawa har Jahun. Wa zai ɗaga?"

"Kai da ka ƙulla. Koma ka faɗa wa kawunka da ya sa ranar gaskiya."

"In na ƙi fa?"

"Allah ya sani ina sonka. Amma tafiya ba fashi, Baba ya sa mani albarka."

Ta shige gida. Bai kira ta ba, ita ma ba ta waiwaya ba.