Dattijon da Ya Bi Sawun Belma

Belma ta tsaya gaban shagon takalma ta ƙura wa gilashi ido, amma ba takalma take kallo ba. Yau ce jarrabawar ƙarshe a kwalejin tsaro: ta zaga Sarajevo awa biyu, ta gano wanda malamai suka sa ya bi sawunta. In ta faɗi, sai ƙauye.

Faɗuwa kuwa ba baƙuwarta ba ce. Ita kanta har yau ba ta san yadda aka yi ta samu gurbi a makarantar nan ba, da wannan sakamako nata na abin kunya. Ranar da takardar ta zo, uwarta kuka ta fashe da shi, ta ce, "Don Allah kada ki je." Belma ta ɗauka tsoro ne irin na matar da miji ya mutu ya bar ta da ciki.

Ƙa'idar malaminsu Farfesa Zdravko ɗaya ce: gani na farko katari, na biyu shakka, na uku kamu.

Ga shi kuwa! Wani dattijo mai koɗaɗɗiyar kwat. Ta gan shi a bas, ta gan shi bakin gada, yanzu ga shi ta gilashin, zaune a shagon gahawa da ke bayanta. To amma wannan wane irin ma'aikaci ne, ko ɓuya bai iya ba? Ya zuba mata ido, gahawarsa ta huce, yana ta murza kunnensa na hagu. Belma ta sauke hannu daga nata kunnen, ta ɗauki hotonsa ta tura wa Farfesa.

Ko minti biyar ba a yi ba motocin jami'an tsaro suka kewaye wurin. Dattijon bai ko yunƙura ba. Har aka danna kansa cikin mota ita yake kallo.

Ta iske Farfesa a ofis yana shan taba.

"Kin ci, yarinya."

"Haba Farfesa, wasan ya yi yawa. Har da ankwa? Mutuminku ne fa!"

"Ba mu sa kowa ya bi ki ba," in ji shi, bai yarda sun haɗa ido ba. "Shekara ashirin da biyu muna nemansa kan wani bam. Kina zaton ƙoƙarinki ne ya kawo ki nan? Mun san ko ramin ɓera ya shiga, wata rana sai ya fito ya ga 'yarsa."