Rigar Ɗan Majalisa

Wani ɗan majalisa na shirin shiga taron 'yan mazaɓarsa mazauna Riyadh aka kira shi daga gida. Sabuwar jam'iyyarsa ta ba wani takara, tsohuwar kuma ta ce ya dawo.

Ya dubi babbar rigarsa shuɗiya, launin waɗanda suka yashe shi. Ga jama'a na jira.

Telansa na unguwar Gubaira, mutumin Maraɗi, ya matso.

"Yalla, Honorabul, tuɓe ka juya ta."

Ya juya. Cikinta ruwan ɗorawa ne, launin tsohuwar jam'iyyar, har da aiki a wuya.

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Duk ɗan majalisar da ya zo, haka nake ɗinka masa."