Mun Wuce Ƙofar Kawu

"Gaisuwa ce ta hana mutanenmu ci gaba," in ji yayana, afandi, wato akawun ofishin auduga, yana ƙara taka mai. "Da Bature na tsayawa ƙofar kowane kawu, da bai kai ko'ina ba."

Rusairis muka nufa da matarsa da yaransu a tsakiyar bazara, mu ga sabuwar madatsar ruwa, mu zarce dajin Dindir kallon namun da su ma sun gudu inuwa. Kusa da Abu Na'ama, kawun matarsa na zaune a ƙofar gida. Tsohon ya gane motar, ya miƙe, ya ɗaga hannu. Muka bar masa ƙura.

"Wallahi Kawu ya gan mu," in ji matar yayana.

"Sai mun dawo."

Ba mu yi nisa ba motar ta tafasa, ta shanye ruwan salkarmu kaf, ta mutu. Yara suka fara kukan ƙishirwa. Yayana ya buɗe gaban motar yana duba ciki kamar mai karanta jarida.

"Wani ya koma ya samo ruwa," ya ce wa injin.

Matar ta gyara mayafi ta kama hanya, na bi ta da salka. A ƙofar gidan ta cire takalmi, ta taka ƙasa mai ƙuna, ta durƙusa.

"Wa ya koya ma mijinki wuce mutane?" in ji tsohon.

"Ma'alesh, yi haƙuri, Kawu. Shi ya so tsayawa," ta ce, idonta a ƙasa. "Ni na ce muna sauri."