Mai Aikin Otal

Bayan la'asar babu kowa a ɗakin cin abinci na otal ɗin Kazaure sai Musaddiƙ, wanda ya taso tun daga Babura. Sadiƙa ta fito daga kicin da kanta ta ajiye masa biriyani da miyar kaji mai kori. Shekara biyu ta yi tana koyon girkin nan a hannun wani Ba'indiye, yanzu kuma ita ce babbar kuku.

Bai taɓa abincin ba.

"Na yi magana da Hajiya," in ji shi, idonsa a kan faranti. "Ta ce ba za ta kai lefe gidan mai aikin otal ba. In kin ajiye aikin, sai a sa rana."

Ta ja kujera ta zauna, abin da ba ta taɓa yi a bakin aiki ba.

"Kai kuma me ka ce da ta kira ni haka?"

Ya yi ta juya cokali. Ta jira shi har shinkafar ta daina tururi.

"Kin san bakin mutane, Sadiƙa. Ni kaina a ofis ba na iya faɗin inda kike aiki."

Wannan maganar ta fi ta mahaifiyarsa yi mata ciwo. Ta miƙe ta gyara ɗankwalinta.

"Ashe ba saƙon Hajiya ka kawo ba, naka ne. Ka gaishe ta, ka ce ba sai ta wahala ba."

Ta nufi kicin. Ya kira sunanta sau ɗaya, ƙasa-ƙasa, don kada ma'aikata su ji. Ba ta juyo ba.