Gaisuwar Tsaye

Tun da Shugaban Ƙasa ya soke durƙuso, wai yanzu babu wanda ya fi wani, aka ɗaura wa kowane baligi wani siririn ƙarfe a gwiwa. Da ka rusuna wa mutum sai ƙarfen ya ɗau ƙara, Hukumar Daidaito ta zo. A salla kaɗai yake yin shiru.

Malam Mantau dai bai taɓa yarda da abin nan ba. Da hantsi yana zaune a ƙofar gida sai ga surukinsa Lawandi, ya tsaya masa ƙiƙam a ka, har da miƙo hannu.

"Baba, an tashi lafiya? A yi haƙuri, doka ce."

Tsohon ya dubi hannun, ya dubi fuskar. "Na ji doka ce. Murmushin nan fa, shi ma Shugaban ne ya ce a yi?"

Kafin Lawandi ya buɗe baki, motar Hukumar Daidaito ta shigo layin a hankali. Nan take Lawandi ya zube, gwiwa biyu a ƙasa, yana jinjina. Maƙwabta ma duk suka zube.

Malam Mantau ya kasa kunne. Ko ƙarfe ɗaya bai yi ƙara ba.