Warin Takalmi a Ƙofar Kudu

An yi wani dillalin gidaje a wani gari da ke can ƙarshen kwalta, garin da tun da aka rufe masana'antar gurzar auduga samarinsa suka koma zaman gindin bishiya. Shi dillalin nan, in ya sami mai saurare, rantsuwa yake tun da aka sari garin ba a taɓa satar ko tsinken sakace ba. Wai wata mata ta taɓa mance akuyarta a kasuwa, da ta dawo bayan shekara biyu ta tarar da ita nan inda ta ɗaure ta, da 'ya'ya huɗu, mutane na ba su dusa. Wai mai sayar da kwaɗon kulle ƙofa ya karye ya koma sayar da rake, 'yan sanda kuwa, don rashin aikin yi, sun mai da ɗakin tsare masu laifi rumbun albasa.

Rannan sai ga wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya yi ritaya, ya zo da ɗan abin da aka sallame shi da shi. Gidan birni ya fi ƙarfinsa. So yake ya sami inda zai ajiye iyalinsa ya yi barci har da minshari, don ya san in ya zuba wahalar shekara talatin da biyar a inda ba lafiya, ba shi da sauran ƙarfin tara wata. Dillali ya kai shi wani gida a bayan masallaci. Baƙo ya ga fasassun kwalabe a kan katanga, dillali ya ce ado ne, a bari rana ta haska su a ga kyau. Ya ga rodi a kowace taga, aka ce saboda awaki ne. Ya ga famfo ba kai, aka ce mutanen garin sun fi son ruwan rijiya. Baƙo dai gyaɗa kai kawai yake.

Ana haka aka kira azahar. To, al'adar garin ita ce ba mai barin takalmansa wuri guda. Wari a ƙofar arewa, wari a ƙofar kudu, don ɓarawo ba ya ɗaukar abin da ba zai saku ba. Dillali ya tsaya a bakin ƙofa da sabon takalminsa na fata, wanda bai wata guda a ƙafarsa ba. In ya raba, baƙo zai tambaya. In bai raba ba, Allah kaɗai ya sani. Ya cije, ya jera su tsaf kusa da na baƙo, ya shiga yana murmushin da ya fi kuka ciwo. Jikinsa na sahu, zuciyarsa na bakin ƙofa. Raka'a nawa aka yi, sai dai a tambayi na kusa da shi.

Da aka sallame, baƙo ya fito ya ga ikon Allah: magidanta da dattawa, kowa da warin takalmi a hannu, suna zagaye masallaci suna ɗage ƙafa saboda zafin rairayi. Dillali ya yi wuf ya ce motsa jiki ne, likita ya ce yana rage hawan jini. Bai rufe baki ba ya duba ƙasa. Wari ɗaya nasa, wari ɗaya na baƙo, shi ke nan. Yana cikin lalubo wata sabuwar ƙaryar sai ga tsohon ladan yana dogara sanda.

"Tanimu, yau lafiyarka kuwa?" in ji ladan, yana duban dillali. "Kai da ka koya wa rabin garin nan raba takalmi, bayan an yi maka sata sau uku a azumi ɗaya? Na kai maka warin ƙofar kudu, har da na baƙonka. Malam, sannu da zuwa. Sai haƙuri, yaranmu ne, babu ce ta yi yawa. Amma muna sa wa juna ido."

Baƙo ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce, "Baba Ladan, gidan nan na bayan masallaci, wa ke maƙwabtaka da shi?"

"Katangarmu ɗaya."

"To zan saya. Amma cinikin da kai za mu zauna mu yi. Shi wannan ya tsaya a waje ya riƙe mana takalma."

Dillali ya sunkuya ya ɗauki warinsa, ya bi sahun masu zagaye yana ɗage ƙafa. Da ma ai Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne.